Hannun da Ya Wanke Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A farkon daminar bana Allah ya karɓi ran mahaifina a gidansa da ke Dutsin-Ma, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka yi masa salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kafin hadarin da ya taso daga gabas ya zubo. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, domin irin aikin da ya yi ba a cika ambatonsa a cikin taro ba.

Ban san Baba yana da jama'a haka ba sai a zaman makoki. Tabarmin gidanmu suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Mutane suka yi ta zuwa daga Kurfi da Birchi da Dabawa, wasu a mota, wasu a kan babur, ƙafafun wandunansu duk taɓo. Kowa ya zauna ya yi addu'a, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, shi ya rufa mini asiri." Babu wanda ya faɗi yadda aka rufa masa asirin, babu kuma wanda ya tambaya, don kowa ya sani. Aikin Baba shi ne gyaran gidan da ruwa ya ɓata. In ambaliya ta shiga ɗakuna, ko salga ta cika ta yi amai a tsakar gida, ko sokawe, ramin da ruwan banɗaki ke taruwa, ya toshe ƙazanta ta dawo ta bututu ta malale ɗaki, shi ake kira. Ya janye ruwan, ya kwashe lakar, ya wanke, ya kashe wari da ƙwayar cuta, ya busar da bango da daɓe, ya fitar da abin da ba zai gyaru ba, har gidan ya koma wurin da za a shimfiɗa darduma a yi salla. Wane magidanci ne zai tashi a gaban mutane ya ce, wannan ne ya kwashe najasa daga ɗakin matata?

A gefena kan tabarma akwai taubashina, wato ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba. Sa'ana ne, a Rawayau yake da zama, kuma shi ya yi aiki tare da Baba tun muna samari har ƙarfin Baba ya ƙare. Tun ranar farko na lura masu gaisuwa sun fi daɗewa a wurinsa. Ni a ba ni hannu a ce Allah ya ba da haƙuri, shi kuma a riƙe hannunsa da hannu biyu, a sunkuya, a yi ƙasa da murya. Wani Alhaji daga Kurfi ya wuce ni ma gaba ɗaya, ya durƙusa a gabansa.

"Sannu da rashi, ɗan marigayi. Allah ya sa ka gaje shi."

Taubashina ya nuna ni. "Alhaji, ga ɗan nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne."

Alhajin ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Au! Ashe yana da ɗa babba haka? Sannu, sannu. Wallahi ban sani ba."

Na ce masa ba komai. Amma ba wannan ne ya fi yi mini zafi ba.

Da Baba ya cika, aka rufe masa ido aka miƙe shi, sai na naɗe hannun rigata, na sa a ɗora ruwa. Yayyena duk mata ne, ni ne babban ɗansa namiji, kuma na sha taimakawa a wankan gawa a unguwa, na san yadda ake yi. Sai Inna ta kira ni bakin ƙofar ɗakinta.

"Saukar da hannun rigar nan," in ji ta. "Ya bar sallahu. Ɗan gwaggonka ne zai wanke shi, shi da Liman."

"Ni fa, Inna?"

"Kai ka ɗebo musu ruwa."

"Shi ya faɗa miki haka da bakinsa?"

"Ni na taɓa yi maka ƙarya? Je ka, rana na yi."

Na ɗebo ruwan. In na ajiye bokiti a bakin ƙofa, sai hannu ya fito ta bayan labule ya ɗauka. Hannun taubashina ne. Da na sake ganin Baba, yana cikin likkafani, an ɗaure. Tun daga ranar nan, tambaya ɗaya nake yawo da ita, a shago da masallaci da kan shimfiɗa: me ya sa ba ni ba?

Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance a gida. Da gini ya fara, ginin ƙasa da yaɓe, kuma daga nan ya san halin bango. Da gari ya cika, aka yi ta gina gidajen siminti a kan hanyar ruwa, leda ta toshe kwatoci, sai kiran gyara ya fi kiran gini yawa. Da bokiti da igiya da shebur ya soma. Daga baya ya sayi injin jan ruwa da janareta da manyan fankoki na busar da ɗaki. Fankokin nan bai taɓa yarda da su ɗari bisa ɗari ba, iskar haya yake ce musu. Yana kunna su, amma sai ya haɗa da kaskon gawayi a tsakar ɗaki, ya buɗe kowace taga.

Abin da ya fi faɗa shi ne, "Ruwa ya fita, amma bai tafi ba." Yana faɗin haka ne ga masu gaggawa, waɗanda da sun ga daɓe ya bushe sai su ce a mayar da kaya a yi fenti. Shi kuwa sai ya manna kumatunsa a bango, ya lumshe ido kamar mai sauraren wani abu, ya girgiza kai. Yakan ƙulle gishiri a tsumma ya rataye a jikin bangon. In gishirin ya yi laima, to ko wane ne mai gidan ba za a shafa fenti ba, ba za a yi filasta ba. Ya sha ganin an lulluɓe jiƙaƙƙen bangon ƙasa da siminti don baƙi za su zo, bangon ya ruɓe daga ciki, ya zube a damina mai zuwa. Waɗannan abubuwa na san su ne don ya yi su a gidanmu, shekarar da ruwa ya shiga ɗakin Inna. Ban taɓa ganinsa yana yi a gidan wani ba.

Dalili kuwa, Baba yana da doka guda da ba ya karyawa. In ya isa gidan da za a yi aiki, ya yi sallama, ya jajanta, sai ya ce, "Maigida, ka kwashi iyali ku ba mu wuri." Kowa sai ya fita, har tsofaffi. Inna ta taɓa tambayarsa dalili, ina ji, ta ce ai mai kaya ya fi kowa sanin inda kayansa suke.

Ya ce, "Mutumin da ya tsaya ya ga kina kwasar kashin gidansa, in kun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Ba don ya ƙi ki ba, kunya ce. Ni kuma ina son gaisuwarsa."

Saboda haka mutum biyu ne kawai ke ragewa a cikin gidan, shi da taubashina. Abin da suka gani a ƙarƙashin gadajen mutane da bayan akwatunansu, babu wanda ya taɓa jinsa a bakinsu.

Na so in zama na biyun nan. Shekarar da na gama sakandare na same shi a zaure yana gyaran igiya, na ce ina son in riƙa binsa aiki. Ya ce in miƙo hannuna. Ya juya shi, ya dubi tafin, ya dubi bayan.

"Wannan na awon gero ne," in ji shi.

Washegari ya kai ni wurin wani amininsa mai sayar da hatsi a kasuwa, kuma har yau sana'ata ke nan. A daminar nan dai Gwaggo ta kawo ɗanta daga Rawayau, ta ce gona ba ta riƙe shi ba, yayanta ya san yadda zai yi da shi. Baba ya karɓe shi. Ina tsaye a wurin, kuma na lura bai ce ya miƙo hannu ba.

In sun taso daga aiki ba sa shiga cikin gida kai tsaye. Akwai wani lungu a bayan zaure da Baba ya kewaye da zana, a nan suke wanka da ruwan zafi da sabulu, su sauya kaya, sannan su zauna a ƙofar gida su sha iska kafin taubashina ya hau babur ya kama hanyar Rawayau. Wannan zama shi ne abin da na fi ƙi, kuma shi na fi son in tarar. Sai ɗayansu ya faɗi kalma ɗaya tak, ɗayan ya fashe da dariya. Wata rana taubashina ya dubi Baba ya ce, "Kawu, agwagwa." Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, har yana share hawaye da bakin riga. Ni ban taɓa sa shi dariya irin wannan ba. Na ce, wace agwagwa?

"Ba komai, zancen aiki ne," in ji Baba.

Taubashina ya ƙyafta mini ido. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, a wasanmu na taubasai ni ne ubangida, shi ne bawa, kuma bai taɓa barin wannan ya wuce shi ba. "Ubangidana, wannan zancen bayi ne. Kai dai ka cika mudu da kyau."

Har Baba ya koma ga Allah ban san labarin agwagwar nan ba.

A zaman makoki na ƙara jin irin waɗannan. Wani malami mai makarantar allo a Rawayau ya ba da labarin shekarar da ruwan sama ya karya katangarsa ya shiga ɗakin karatu, ya jiƙa littattafan da ya gada daga mahaifinsa. Shi kaɗai ne ya yi bayani a fili, don nasa ruwan sama ne, babu abin kunya a ciki. Ya ce Baba ya yi alwala kafin ya taɓa su. Ya riƙa raba takardun ɗaya bayan ɗaya da tsinke, yana sa farin ƙyalle a tsakani, yana shanya su a inuwa, ya hana a kai su rana don kada su kanannaɗe tawadar ta tashi. Ya yi ta zarya har suka bushe.

"A ƙofar gida yake shanyar, yana yi yana ba mu labarai," in ji malamin. "Wallahi cikinmu har ciwo yake don dariya. Ai mahaifinka akwai ban dariya."

Na ce haka ne, Malam. Amma a raina ina lissafi, sai na gane daminar da yake magana a kai ita ce wadda aka haifa mini ɗana na fari. Baba ya zo raɗin suna a makare, ya yi addu'a, ya ɗauki goro biyu, ya ce ana jiransa. Ashe littattafan ke jiransa. Na san aikin lada ne, ban ce ba lada ba ne. Amma labaran da ya ba su, ni bai ba ni ko ɗaya ba.

Faɗansa guda na taɓa gani da idona, shi ma don har gida aka biyo shi. Wata Hajiya ce a unguwarmu, mijinta ya rasu, salgar gidanta ta fashe ta shiga ɗaki ta jiƙa katifar marigayin. Baba ya ce sai dai a ƙone ta, don soso in ya sha irin wannan ruwa babu wankin da ke fitar da shi. Hajiya ta zo ƙofar gidanmu da mayafi a kafaɗa, tana ɗaga murya.

"Yau ga ikon Allah! Mai kwasar kashi ne zai ƙona mini katifar mijina? A kanta ya cika!"

Yara suka taru. Na miƙe a fusace, Baba ya yi mini alama da hannu in zauna.

"Hajiya," in ji shi, "ko kin kira ni da sunan da ya fi wannan muni, katifar nan ba ta komawa ɗaki. Jikokinki ne ke birgima a kanta. In amai da gudawa ya kama ɗaya, me zan ce wa Allah?"

"Kai ka saya mini ita?"

"A'a. Amma ni zan ƙone ta."

Ya kuwa ƙone ta. Sai dai kafin nan ya farke rigar katifar, ya dafa ta a tukunya, ya wanke da magani, ya shanya, ya kai wa mai guga, ya aika mata a ninke. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Ranar da ya rasu, yayyena sun ce muryarta ta fi ta kowa tashi wajen kuka a cikin gida, har sai da Inna ta ce ta yi haƙuri haka nan.

Sau ɗaya na ɗauka ƙofar za ta buɗe mini. 'Yan shekarun baya ina haya a wani gida da ke gangare kusa da kwata. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sokawenmu ya cika ya dawo ta banɗaki, ya haɗu da ruwan kwata, ya shiga ɗakuna har idon sawu. Matata ta ɗora yara kan gado tana salati. Na kira Baba. Kafin ya iso na ruga kasuwa na sayo takalman roba dogaye, don na ce a raina yau kam gidana ne, babu wanda zai hana ni aiki tare da ubana.

Suka iso da inji a kan baro. Baba ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau biyu kamar baƙo, ya jira aka amsa. Ya jajanta wa matata, ya shafa kan yara. Sannan ya juyo gare ni.

"Maigida, ka kwashi iyali ku ba mu wuri."

"Baba, ni ne fa."

"Na gan ka. Gidan wa ne?"

"Nawa."

"To kai ne maigida."

Taubashina ya hango takalman a hannuna, ko daga leda ban cire su ba. "Kai, ubangidana da sabon takalmi! Ara wa bawanka mana, kada su tsufa a leda." Ya karɓe, ya zura ƙafa, ya taka ruwan ya shige ɗakin barcina, Baba na biye da shi.

Muka koma gidan Baba da zama har aka gama. Ranar da muka dawo, gidan babu wari ko kaɗan, sai ƙamshin farar ƙasa da hayaƙin gawayi. Kayan matata an ninke su an jera. Gadonmu akwai ƙafa ɗaya da ta karye tun da daɗewa, na tokare ta da bulo na ja zanin gado ya rufe, ko yayyena ba su sani ba. Na tarar an sa mata sabon katako, bulon kuma yana waje. Babu wanda ya taɓa yi mini zancen. Matata ta yi ta sa albarka. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne, su biyu suka ɗaga gadon nan, suka ga bulon, wataƙila suka dubi juna, ni ina waje.

Bayan sadakar arba'in na kasa haƙuri. Na rufe shago na hau babur zuwa Rawayau. Gwaggo na zaune tana gyaran wake, ta ce na rame, ta ce hancina sak na yayanta, ta yi 'yar ƙwalla. Ta ce ɗanta yana Kurfi, ruwan makon jiya ya yi ɓarna a can. Na juya na nufi Kurfi.

Ban sha wuyar gane gidan ba, ƙarar inji da bututun da ke zubar da baƙin ruwa a kwata suka nuna mini. Mutanen gidan suna zaune can nesa a ƙofar maƙwabta da ƙullin kayansu. Na yi sallama a zaure, taubashina ya leƙo, fuskarsa ɗaure da ƙyalle.

"Ubangidana da kansa! Gero ya ƙare a kasuwa ne?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dube ni, ya koma ya kashe injin. Bai ce in shigo ba. Ya fito ya wanke hannu da ƙafa da sabulu, ya daɗe yana wankewa, sannan ya nuna mini gindin wata bishiyar bedi, muka zauna, shi ɗan nesa da ni.

Na ce, "Me ya sa kai ya zaɓa?"

Bai yi kamar bai gane ba. "Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Ka sani."

"Ban ce ka faɗi abin da ka gani ba. Abin da ya ce maka nake tambaya."

Ya tsinki ganye yana murzawa. Can ya ce, "Yaushe rabonka da ganin Kawu babu safa?"

Na yi tunani. Na kasa tunawa. Ko da bazara da safa yake yawo, ya ce mana sanyin ƙashi ke damunsa, kuma alwala a lungunsa na bayan zaure yake yi.

"Wannan ba a wanka na gani ba, tun yana raye na sani, shi ya sa zan faɗa maka," in ji taubashina. "Ruwan nan yana cin mutum. Kawu ya fara aiki tun babu takalmin kirki. Daga gwiwa zuwa ƙasa gyambo ne, ya warke ya dawo, ya warke ya dawo. An je asibiti, sun ce ya bar shiga ruwa, ya ce to, washegari ya shiga. Kullum in mun taso, a bayan zanar nan nake wanke masa, in sa magani, in ɗaure. Innarku ta sani, ni na sani, shi ke nan. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kira ni ya ce, ɗana da tsabta ya san ni, a bar shi da haka."

Na san abin da ya kamata in ji a lokacin, kuma na san masu karanta wannan za su ce ai ƙauna ce. Ban musa ba. Amma abin da na ji daban ne. Na ga shekarun nan duka, ni ina ƙofar gida ina jiran su fito, shi yana durƙushe a bayan zana da ƙafar ubana a kan cinyarsa. Da an tambaye ni, da na ce a ba ni ƙafafun, da gyambon da warin duka.

Na ce, "Kai ka more shi."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni? To bari ni ma in tambaye ka. Yaya Kawu yake cin abinci?"

Na ɗauka tsokana ce, na dube shi. Babu wasa a fuskarsa.

"A wurin aiki ko goro ba ya ci," in ji shi. "Ya ce hannun da ya shiga aiki ba ya zuwa baki sai an koma gida. In mun koma kuma a kawo mini nawa kwanon a zaure, shi ya ce sai an jima. Tun ina saurayi nake bayansa a cikin ƙazantar mutane, ga furfura ta fara fito mini, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, Kawu, yau dai mu sa hannu tare. Ka san abin da ya ce? Ya ce kwanonsa da mai shi."

Ni ne mai shi. Tun ina yaro da ni yake cin tuwon dare a kwano ɗaya, ko da yake mutane ba su saba ganin uba da ɗa haka ba. Bayan na yi aure ma, duk Juma'a in na je sai ya sa an kawo mana. Ba ma magana in muna ci, shi ya sa ban taɓa lissafa shi a cikin abin da na samu ba.

Taubashina yana jira. Na ɗan yi jinkiri, don wannan kaɗai nake da shi wanda ba shi da shi. Sannan na faɗa masa. Na ce daga gefe yake fara yankar tuwo, ba ya son miya da yawa. In akwai nama sai ya riƙa tura shi da ɗan yatsa zuwa ɓangarena a hankali, yana kallon wani wuri, in na mayar masa ya ce haƙorinsa ba ya so. Yana riga ni tsame hannu, amma ba ya tashi sai na gama. Kuma kullum, kafin ya sa hannu a kwanon, bayan duk wankan nan da sabulun nan, sai ya kai yatsunsa hanci ya shinshina da sauri, yana zaton ban gani ba.

Ban kai ƙarshen maganar ba taubashina ya ja ƙyallen wuyansa ya rufe fuska. Ƙato da shi, a bakin titi, mutanen gidan da yake wa aiki suna hango shi, yana kuka da sauti yana cewa, "Kawu, Kawu." Na zauna ina kallonsa. Tun ranar da Baba ya rasu nake jiran hawaye su zo mini, a maƙabarta, a ɗakinsa, a gaban Inna, ba su zo ba. Ko a kukan ma sai da ya riga ni.

Da ya natsu ya share fuska, ya ce aiki na jiransa, ruwa ba ya jira. Ya shiga ya tayar da inji, ni na hau babur na dawo Dutsin-Ma.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka tsarkake shi daga kurakuransa fiye da yadda ya tsarkake gidajen bayinka, ka suturta shi ranar da babu sutura sai taka, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ƙafafun nan su taka Aljanna lafiya lau. Ka ba Inna da Gwaggo da yayyena haƙuri. Taubashina kuma ka saka masa da alheri a kan abin da ya yi wa mahaifina, yana raye da bayan ransa. Wannan ta ƙarshe da bakina nake roƙa, ina fatan ka sa zuciyata ta biyo baya. Amin.